Wa Ya Ce Zanen Mota Shirme Ne?

Yau kam da faɗa na zo, kuma gara in faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ce na yi masa kwanton ɓauna. Faɗan nawa da mutum biyu ne. Na farko shi ne ɗan bokon da ke ganin duk abin da ba a koya a aji ba shirme ne. Na biyu kuwa shi ne mai motar da ya sallami mai fenti ya rungumi sitika don wai ta fi araha. Ku sauran jama'a sai ku gyara zama ku yi mana alƙalanci.

Ga abin da ya jawo maganar. Wata rana bayan la'asar ina zaune a teburin mai shayi nan Sifawa, bakin babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta biyo ta Boɗinga ta nufi Shagari da Tambuwal har Jega, sai ga wata tsohuwar gingimari mai bodin katako ta tsaya, an laɓta mata buhunan albasa har ta rusuna. Goshinta kore ne shar, an zagaye shi da furanni ja da rawaya, a tsakiya an rangaɗa rubutu: "Hassada ga mai rabo taki." A allon bayanta kuwa itacen dabino biyu ne suna fuskantar juna, ga dagi a tsakaninsu an saƙa shi layi kan layi, in ka bi shi da ido ba ka gane inda ya fara balle inda ya ƙare. Fentin ya sha rana ya sha ƙura, amma kyawunsa na nan, tamkar tsohuwar da ta yi tashe a zamaninta.

Akwai wani saurayi kusa da ni, ma'aikaci ne ga alama, ya ajiye 'yar motarsa fara fes yana shan shayi. Ya dubi gingimarin nan ya taɓe baki ya ce, "Kai mutanenmu dai ba su rabuwa da ƙauyanci. Dubi yadda aka ɓata mota da shirme." Ashe direban na bayansa, dattijo ne mai furfura, yana wanke fuska da buta. Bai yi fushi ba, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wagga mota shekara ashirin da ɗoriya muna tare da ita. Wanda yay yi zanen ga ya riga mu gidan gaskiya, Allah shi gafarta mai. In shirme na, ga gawayi nan wurin mai shayi, ɗauka ka ja mini layi guda irin wanga, ni ko in biya maka shayinka."

Saurayi ya yi tsit, aka yi dariya, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa maganar ta bi ni har gida ta hana ni barci, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Akwai irinsa da yawa, har cikin waɗanda muke kira masana.

To, bari mu fara daga tushe. Da me Bahaushe ke gane gwani? In ka kai babbar riga wurin maɗinki ya yi maka aska takwas, abin da kake dubawa shi ne ko zaren ya kwanta, ko hagu ta yi daidai da dama, ko launin ya hau yadin. In baduku ya yi maka jaka ko titimi da jar fatar akuyar Sakkwato, wadda sunanta ya kai har ƙasashen Turai tun zamanin fatake, da wannan ma'aunin dai kake auna shi. Haka mai sassaƙa ƙwarya, haka mai yi wa amarya lalle, haka maginin da ke yi wa zaure ado. Ba wanda ya taɓa tambayar ɗaya daga cikinsu takardar makaranta. Babban Gwani Mika'ilu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, wanda har gobe masana gini ke zuwa kallo, a wace jami'a ya yi digiri? To, in da wannan ma'aunin muke auna gwani, me ya sa da an zo kan mai zanen mota sai a ɓoye ma'aunin a ce ƙauyanci? Ashe abin da ya yi Goje ba shi ya yi Kaura ba?

Kuma mu mutanen Sifawa mu ne ya fi kamata mu san darajar hannu mai riƙe alƙalami. A garin nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 kafin ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana nan kusa a Boɗinga, ana karantarwa ana rubuta littattafai da tawada da alƙalamin kara. Har yau in yaro ya sauke Alƙur'ani, allon da ake ba shi sai an yi masa zayyana, an ja layuka an cika gidaje da ja da kore da ruwan ɗorawa, kuma ba kowane malami ya iya ba, sai an nemi gwanin abin. Dubi zayyanar allo da kyau, sannan ka je ka dubi gefen bodin gingimari. Za ka ga 'yan ɗaki ɗaya ne. Yadda ake raba fili gida-gida, da yadda ake maimaita siffa har ta zagaye, da yadda ake tsare layi kada ya karkace, duk hannu ɗaya ya koyar da su.

Wanda ke cewa shirme ne, ina jin bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yin aikin ba. Ni na tsaya na gani. Bayan kafintoci sun gama ɗora bodi, mai fenti zai bi katakon nan da samfefa har ya yi sumul, ya shafa fentin farko ya bar shi ya sha iska, ya sake shafa na biyu. Daga nan ya ɗauki alli ya fitar da siffar abin da zai zana, wani ma ko allin ba ya nema, a kansa abin yake. Gwangwanin fentinsa ba su wuce biyar ko shida ba, fari da baƙi da ja da shuɗi da rawaya, sauran launuka duk shi ke haɗa su da kansa a murfin gwangwani, yana tsinka su da kananzir. Yana tsaye bisa benci ko durom, rana na dukansa, iska na kwaso masa ƙura, ga mai mota a kansa yana ta azalzala don lodi na jira. Fentin mai kuwa ba ya karɓar gyara kamar fensir, in hannu ya yi rawa to ya yi ke nan. Duk da haka sai ka ga furen da ke hagu da na dama kamar an tsaga kara. Sannan dole ya yi lissafin nesa, domin ba a bango za a rataya aikinsa a zo a tsaya a kalla ba. Mota ce za ta wuce a guje, tilas rubutun ya karantu kafin ƙiftawar ido. Wanda ya iya wannan duka a ce masa mai shirme? Haba jama'a!

Sai kuma maganar da ke jikin motar. Direba mutum ne da ke kwana a hanya, yau yana Illela bakin iyaka, gobe yana Yawuri ko Kwantagora, jibi yana Ikko. Ba shi da jarida ba shi da rediyon kansa, goshin motarsa shi ne bakinsa. Wanda ya sha wuya kafin ya samu sai ya sa a rubuta masa "Mahaƙurci mawadaci." Wanda 'yan'uwa suka sa wa ido ya rubuta "Hassada ga mai rabo taki." Wanda ya ga faɗuwar manya ya rubuta "Duniya rawar 'yammata." Wani kuma habaici ne zalla yake yi da abokin gaba a tasha, kowa ya yi zagi a kasuwa ai ya san da wanda yake. Wannan adabi ne, karin maganarmu ce aka ɗora wa taya take yawo ƙasa-ƙasa. Yara nawa ne suka fara haɗa baƙi da wasali a jikin mota kafin su iya karanta allon makaranta? Ni kaina ina cikinsu. Kuma a ƙauyukanmu tsohuwar da ba ta san lambar mota ba ta san "mai dabino" ta san "mai ɗawisu", in za ta aika saƙo birni sai ta ce a ba direban mai dabino. Zanen nan shi ne sunan motar, shi ne shaidarta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan ɗan bokon da ke taɓe baki, da zai ji Turawa sun yaba da sai ya fi kowa tafi. To bari in ba shi labari. Kamfanin motoci na BMW da ke Jamus tun 1975 yake gayyatar manyan masu zane su yi masa zane a jikin mota. A 1979 wani Ba'amurke mai suna Andy Warhol ya shafe wata motar tsere da fenti da hannunsa cikin ƙasa da rabin sa'a, yau tana cikin kayan da kamfanin ke taƙama da su. A 1991 suka gayyaci wata mata 'yar ƙabilar Ndebele daga Afirka ta Kudu, Esther Mahlangu, wadda ta koyi zanen bangon ɗaki wurin mahaifiyarta da kakarta, ta kwashe zanen bangon ƙauyensu ta ɗora a jikin motar, duniya ta yi ta sha'awa. A 2002 an kai wani mai zanen manyan motoci daga Karachi ta Pakistan, Haider Ali, har birnin Washinton don ya ƙawata gingimari ƙirar Bedford a gaban jama'a wurin wani babban bikin al'adu. A 2007 a birnin Miyami na Amurka wani ya bi jikin mota Lamborghini, mai tsadar da ba ta faɗuwa, ya zane ta kaf da alƙalamin nan mai kaurin baki da ake kira maka, hotonta ya zagaye duniya. A 2015 kuwa Faransawa suka ɗauki ɗaya daga cikin motocin hayar birnin Dakar masu launin shuɗi da rawaya, da zanenta da rubutunta, suka girke ta cikin Gidan Tarihin Ɗan'adam da ke Faris. Su ke nan suna kashe kuɗi suna adana irin abin da mu muke kira ƙauyanci.

Kada ka ce na kawo waɗannan don sai Bature ya sa hannu abu ke zama gwaninta. A'a, zanen gingimarin nan da ta tsaya a Sifawa yana da kyau ko da ba wanda ya taɓa jin labarinsa a Faris. Na kawo su ne don in nuna maka cewa rainin nan naka ba wayewa ba ce, rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. In kuma misalin gida kake so, zaro naira 20 daga aljihunka ka juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, a ƙauye ta koyi sana'arta, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Da ka gan ta a zamaninta hannu duk yumɓu, da ita ma ka ce ƙauyanci take yi.

To amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Masu sukar zanen mota suna da hujjoji da ya kamata a saurara, ba zan tsallake su ba.

Akwai masu cewa zana abu mai rai, kamar zaki ko mikiya ko mutum, malamai sun yi magana a kansa. Haka ne, kuma ni ba malami ba ne, fatawa tana wurin masu ita. Abin da zan ce kawai shi ne, mafi yawan aikin mai fenti babu mai rai a ciki. Furanni ne da itatuwa da dagi da taurari da rubutu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zaki ba, ai sai ya ce a yi masa dabino, gwanin da ya iya wannan ya iya wancan. Ba a ƙone rumbu don ɓera ɗaya. Inda ni ma nake tare da masu suka ɗari bisa ɗari shi ne rubuta sunan Allah ko aya a robar nan da ke lilo bayan taya, inda taɓo da ƙazantar hanya ke fantsama. Wannan kuskure ne, masu fenti da masu mota ku daina. Abin girmamawa a sa shi sama, a goshin mota.

Akwai masu cewa ado na jawo haɗari. In an rufe gilashi, ko an shafe lamba, ko an toshe fitilar baya, lalle wannan laifi ne, kuma jami'an kiyaye haɗurra suna da gaskiya in sun kama. Amma ka lura da kyau, wa ke rufe gilashi a yau? Mai buroshi katako da ƙarfe yake bi. Abin da ke cike gilasan motocin haya da Keke Napep har direba ba ya ganin bayansa, ai sitika ce. Ƙasar Kenya ta taɓa gwada hana ado gaba ɗaya, a 2004 aka tilasta wa motocin hayarsu fenti bai ɗaya da layin rawaya, bayan kimanin shekara 10 shugabansu na wancan lokaci Uhuru Kenyatta ya ce a bar matasa su koma zanensu domin sana'a ce da ke ciyar da su. Gudu da lodin wuce kima da taya mai sanƙo da barci a kan sitiyari, su ke kashe mutane a hanya. Fure bai taɓa kifar da mota ba.

Akwai kuma masu cewa wani zanen ba shi da kyau ko kaɗan. Wallahi gaskiya ne. Na taɓa ganin zakin da in ba a gaya maka ba sai ka rantse tunkiya ce ruwan sama ya daka. Amma wace sana'a ce babu 'yan koyo da 'yan dagaji? Don an sami mai mummunar murya ba a ce waƙa shirme ce ba. Kasancewar muna iya bambanta zane mai kyau da maras kyau ma, shi ke nuna akwai ma'auni, inda kuwa akwai ma'auni akwai gwaninta.

Yanzu sai in juyo kanka, Alhaji mai mota. Ka ce sitika ta fi araha ta fi sauri, yaro zai buga maka a kwamfuta cikin awa ɗaya a manna. Na ji. Amma araha ba ta ado. Sitikar nan in ta sha ranar Sakkwato ta watan Afrilu sau ɗaya sau biyu, sai ka ga ta koɗe ta kumbura tana ɓarewa kamar fatar maciji, alhali fentin wancan dattijo ya haura shekara 20 yana nan. Sannan hoton da aka manna maka shi aka manna wa mota 100, ta Gusau da ta Birnin Kabi duk fuska ɗaya, motarka ba ta da suna ke nan. Ni ban ce a fasa kwamfuta ba, tana da ranarta, kuma masu ita su ma abinci suke nema. Abin da nake tsoro shi ne ranar da tsofaffin masu buroshi za su ƙare babu wanda ya gaje su. Ka zagaya bakin tasha ka ƙirga masu fentin da ke da yaran koyo a yau, sannan ka tuna yadda suke lokacin da kake yaron mota. Sana'ar hannu ba a littafi take ba, a hannu take, in hannun ya shiga ƙasa ta bi shi.

Kuma masu gadon suna nan, mu ne muke kashe su tun suna ƙanana. Akwai wani yaro a unguwarmu, bai wuce shekara 12 ba, ya sami maka baƙi ya bi tankin babur ɗin wansa mai kabu-kabu ya zana masa dagi da ganyaye, ya rubuta sunan wan a ƙasa. Da wan ya fito ya gani sai ya rufe shi da duka, ya sa fetur ya goge. Na ga zanen kafin a goge, na rantse layin yaron nan ko rawa bai yi ba. Ban ce yaro ya yi daidai ba, taɓa kayan wani ba da izini ba laifi ne, a yi masa faɗa. Amma bayan faɗan fa? Da wan nan ya yi tunani da ya saya masa kwali da fenti, ko ya kama hannunsa ya kai shi wurin mai fenti ya ce ga ɗan koyo. Tawadar maka ba ta jure rana, ko ba a goge ba watanni kaɗan za ta dushe sai in an bi ta da man sheƙi. Baiwar da ke hannun yaron ita ce ba a saye a kanti, ita kuma aka bi da bulala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa karya shi muke yi.

Don haka ga roƙona. Masu motoci, ko da allon baya kaɗai ne, ku ba mai buroshi ya yi, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, kuma ku bar shi ya sa sunansa a gefe yadda za a san mai aikin. Malaman makaranta, in kun ga yaro yana cika bayan littafinsa da zane kada ku ce ɗan banza ne, ku nuna masa hanya. Ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ga abin bincike nan yana wuce ku a titi kullum, ku ɗauki hotunan motocin nan, ku rubuta kalmomin jikinsu, ku zauna da tsofaffin masu fenti tun suna da rai. Masu kula da gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ina roƙon arziki, in tsohuwar gingimari ta mutu za a farfasa bodinta a yi makamashi, a ceci ko allo ɗaya a ajiye wa jikoki.

Kai kuma ɗan'uwana mai farar mota, ban riƙe ka a zuci ba. Amma gawayin nan yana nan wurin mai shayi, kuma dattijon ya ce tayinsa bai tashi ba. Duk ranar da ka biyo ta Sifawa ka tsaya ka ja mana layin, mu gani.

Allah ya jiƙan gwanayen da suka riga mu, ya yi wa na raye albarka a sana'arsu, ya kai direbobinmu gida lafiya, amin.